Yadda Ake Kwaikwayon Tafiyar Narkakken Dutse a Cikin Mantul da Kwamfuta

Ɗalibin ilimin duwatsu ko na fiziks ko na lissafi a Samaru da ya yi niyyar kwaikwayon tafiyar narkakken dutse a kan kwamfuta, abu na farko da ya kamata ya fitar daga ransa shi ne hoton da ake yawan zanawa na ƙarƙashin ƙasa a matsayin tafkin wuta. Mantul, wato ɓangaren da ya fara daga ƙarƙashin ɓawon ƙasa ya nutsa har zurfin kilomita 2,890 inda ya haɗu da cibiya, dutse ne daskararre kusan gaba ɗayansa, kuma hujjar hakan ita ce igiyoyin girgizar ƙasa masu kaɗawa gefe da gefe, waɗanda ba sa iya ratsa ruwa, suna ratsa shi. Sai dai dutse ne mai zafi da ke jan jiki a hankali, 'yan santimita a shekara, kuma a wurare ƙalilan ne wani ɗan kaso nasa yake narkewa ya tsattsafo ta tsakanin ƙwayoyin ma'adinai. Saboda haka aikin ya kasu gida biyu, da tafiyar daskararren dutsen kansa da kuma tafiyar narkakken ta cikinsa, kuma wanda bai tabbatar da lissafinsa na farko ba, ba shi da dalilin taɓa na biyu.

Ƙa'idojin da za a warware

Ƙa'idoji uku ne ke riƙe da gidan farko. Ta ɗaya tana cewa abu ba ya ɓata kuma ba ya ƙaruwa, don haka duk abin da ya shiga wani ɗan fili dole daidai da shi ya fita. Ta biyu, wadda ake kira ƙa'idar Stokes, tana cewa ƙarfi uku ne ke tsaye da juna a kowane wuri, wato matsi, da turjiyar danƙon dutse (danƙo shi ne yadda abu ke ƙin kwarara), da ƙarfin tasowa wanda bambancin nauyi ke haifarwa. Ta uku ta shafi zafi, wanda ke tafiya ta hanyoyi biyu, ko dai ya ratsa dutse yana tsaye, ko kuma dutsen da ke motsi ya ɗauke shi.

Dalilin da ya sa ake amfani da ƙa'idar Stokes a maimakon cikakkiyar ƙa'idar da ake warwarewa wajen iska da ruwa shi ne girman danƙon mantul. A shekarar 1935 Norman Haskell ya kimanta shi daga yadda ƙasar Sikandinebiya ke ci gaba da tasowa bayan narkewar ƙanƙarar da ta danne ta, ya samu kimanin 10²¹ a ma'aunin Pa·s, alhali na ruwan sha 0.001 ne. A irin wannan danƙo, abin da ke tafiya ba shi da wani ƙarfin zarcewa, da zarar an cire abin da ke tura shi ya tsaya nan take. Wannan yana da amfani babba ga mai rubuta manhaja, domin yana nufin lokaci ba ya cikin ƙa'ida ta biyu ko kaɗan. Idan aka san yadda zafi ya rarrabu a yanzu, an san gudun dutse a yanzu. Don haka zagayen lissafin ba ya canzawa: daga zafi a fitar da nauyi da danƙo, a warware Stokes a samu gudu da matsi, a zaɓi takin lokaci, wato tsawon lokacin da lissafin zai matsa gaba a zagaye ɗaya, a matsar da zafi gaba, sannan a koma farko. A matakin koyo ana ɗaukar nauyin dutse a matsayin wanda ba ya canzawa ko'ina sai a cikin ƙarfin tasowa kaɗai, wannan sauƙaƙawa ita ce ake dangantawa da Boussinesq, kuma ta wadatar.

Kafin a rubuta layi ɗaya na manhaja, a tuɓe wa ƙa'idojin awo, wato a raba tsawo da kaurin mantul, a raba zafi da bambancin zafin sama da ƙasa, a raba lokaci da tsawon lokacin da zafi zai ɗauka ya ratsa kaurin gaba ɗaya. Idan aka yi haka, duk lambobin za su dunƙule su zama lamba guda, lambar Rayleigh. Ana samun ta idan aka ninka nauyi da jan ƙasa da yawan kumburin dutse a kan zafi da bambancin zafi da kauri sau uku a kansa, aka raba da danƙo da saurin ratsawar zafi. Mu ɗauki lambobi zagayayyu: nauyi kilogiram 4,000 a kowane kubik mita, jan ƙasa 10, kumburi 3×10⁻⁵, bambancin zafi digiri 2,500, kauri kilomita 2,900, saurin ratsawa 10⁻⁶, danƙo 10²². Sakamakon ya kai kusan miliyan 7. Lord Rayleigh ya nuna a 1916 cewa shimfiɗaɗɗen ruwa mai iyakoki masu santsi yana fara juyawa ne idan lambar ta wuce kimanin 658, don haka mantul ya zarce wannan iyaka ninki dubbai. Da waɗannan lambobi kuma, zafi zai buƙaci kusan shekara biliyan 270 kafin ya ratsa mantul yana tsaye, duniya kuwa shekarunta biliyan 4.5 ne.

Shimfiɗa raga

Shawarata ita ce a fara da akwati mai tsawo da faɗi daidai, a raba shi zuwa ƙananan gidaje kamar raga, a rubuta manhajar da hannu da Python ko Octave, a kuma yi amfani da hanyar bambancin maƙwabta, wadda ke maye gurbin kowane gangare, wato yadda ƙima ke canzawa daga wuri zuwa wuri, da bambancin ƙimar maki biyu maƙwabta a raba da tazarar da ke tsakaninsu. Akwai gajeriyar hanya da ke mayar da Stokes zuwa ƙa'idojin Poisson guda biyu idan danƙo ɗaya ne ko'ina, kuma tana da daɗin koyo, amma ba ta kai mutum nesa, domin ranar da ya so shigar da narkewa sai ya sake gini daga tushe.

Abin da ya fi muhimmanci a wannan mataki shi ne inda za a ajiye kowace ƙima. Idan aka ɗora matsi da gudu a kan maki ɗaya, gangaren matsi zai riƙa tsallake maƙwabcinsa na kusa yana kallon na gaba, sai matsin ya fito yana hawa da sauka gida bayan gida ba tare da ƙa'idar ta lura ba. Maganin da Harlow da Welch suka fitar a Los Alamos a 1965 shi ne a goce ragar: matsi ya zauna a tsakiyar kowane gida, gudun kwance ya zauna a kan bangon dama da na hagu, gudun tsaye kuma a kan bangon sama da na ƙasa. Ta haka lissafin abin da ya shiga gida da abin da ya fita yakan zama kai tsaye. Danƙo kuma ana buƙatarsa a wuri biyu, a tsakiyar gida da kuma a kusurwoyinsa, kuma a nan ne galibin kurakuran masu farawa ke ɓuya, musamman wajen lambanta layuka da ginshiƙai. Yana da kyau a zana raga ta gida uku sau uku a kan takarda, a rubuta lambar kowace ƙima da biro, kafin a je ga kwamfuta.

Bayan haka sai a tara dukkan ƙa'idojin cikin babban jadawali guda wanda mafi yawan gidajensa sifili ne. Raga ta gida 100 sau 100 tana ba da ƙimomi kusan 30,000 da ba a sani ba, kuma kayan warware irin wannan jadawali da ke cikin SciPy, wato tarin kayan lissafi na Python, za su gama da shi cikin ɗan lokaci a kan kwamfutar tafi-da-gidanka, matuƙar an adana shi a sigar da ba ta ajiye sifilai. Akwai tarko guda a nan. A cikin rufaffen akwati, gangaren matsi kawai ƙa'idar ta sani, ba ta san ainihin ƙimarsa ba, don haka jadawalin ba shi da amsa tilo. Sai a ɗaure matsin gida ɗaya a kan sifili, a bar sauran su bi shi. Game da iyakoki, a fara da masu santsi, wato ba abin da ke ƙetare bango amma dutse na iya zamewa a jikinsa ba turjiya. A sa zafi 0 a sama, 1 a ƙasa, a hana zafi fita ta gefe, sannan a ɗan karkata zafin farko da kaso ɗaya cikin ɗari domin juyawar ta sami inda za ta kama.

Takin lokaci

Girman takin lokaci ba abin zaɓi da son rai ba ne. Sharaɗin da Courant da Friedrichs da Lewy suka bayyana a 1928 yana cewa kada abu ya ƙetare fiye da gida ɗaya a taki ɗaya. Idan faɗin gida kilomita 10 ne kuma dutse mafi sauri yana tafiyar santimita 5 a shekara, iyakar takin ita ce shekara 200,000, kuma mai hankali rabin haka zai ɗauka. Ratsawar zafi ma tana da nata sharaɗin idan ana lissafin ta daga tsofaffin ƙimomi kawai: a ninka faɗin gida da kansa, a raba da saurin ratsawa sau huɗu. A gida mai kilomita 10 wannan ya kai kusan shekara 790,000, amma a gida mai kilomita 1 ya faɗo zuwa 7,900, wato rage gida ninki goma yana rage taki ninki ɗari. Saboda haka gara a lissafa ratsawar da sababbin ƙimomi, a warware wani ƙaramin jadawali a kowane taki, a huta da wannan sharaɗi.

Jigilar zafi ta fi ratsawarsa wuya. Hanya mafi sauƙi, wadda ke ɗauko ƙima daga maƙwabcin da ke ɓangaren da abu ke fitowa, ba ta rikicewa, amma tana shafe iyakoki masu kaifi tamkar an ƙara saurin ratsawa da gangan, kuma a babbar lambar Rayleigh wannan ƙarin na ƙarya yana iya fin na gaskiya. Hanyar da ta fi karɓuwa ga masu raga gocacciya ita ce a watsa ɗigogi masu yawa a cikin akwatin, kowanne yana ɗauke da zafinsa da irin dutsensa, a bar su su bi gudun, sannan a kowane taki a kwaso ƙimominsu zuwa raga. A matsar da su da hanyar Runge-Kutta, domin taki mai sauƙi na kai tsaye yana sa su zame daga kewayensu a hankali su taru a bango. A kuma riƙa ƙirga ɗigogin kowane gida, saboda gidan da ya wayi gari babu ɗigo ko ɗaya zai jawo rabawa da sifili.

Gwaji kafin ci gaba

Hoton zafi mai ja da shuɗi yana da kyan gani ko da lissafin ba daidai ba ne, kuma a ganina wannan shi ne babban haɗarin wannan fanni. Abin da ke raba gardama lambobi ne. A 1989 Blankenbach da abokan aikinsa sun wallafa sakamakon gwajin haɗin gwiwa a kan irin akwatin da aka bayyana a sama, kuma har yau da shi ake auna sabuwar manhaja. Ana duba abu biyu bayan juyawar ta daidaita ta daina canzawa. Na farko lambar Nusselt, wato zafin da ke fita ta sama a raba da wanda zai fita da a ce dutsen a tsaye yake. Na biyu matsakaicin gudu, irin wanda ake samu idan aka ninka kowane gudu da kansa, aka ɗauki matsakaici, aka fitar da saiwarsa. A lambar Rayleigh 10,000 amsoshin su ne 4.884 da 42.86. A 100,000 su ne 10.53 da 193.2. A miliyan ɗaya kuma 21.97 da 834, wanda idan aka mayar masa da awo a kan kaurin mantul ya kama kusan santimita ɗaya a shekara.

Kusantar waɗannan lambobi a raga ɗaya bai isa ba. A gudanar da gwajin a gida 32, sannan 64, sannan 128, a ga ko kuskuren yana raguwa ninki huɗu duk lokacin da aka raba faɗin gida biyu. Idan ninki biyu kawai yake raguwa, to akwai inda aka yi sakaci, kuma mafi yawa a bakin iyaka ne, wajen lissafin gangaren zafi a saman akwati.

Danƙo mai canzawa

Danƙon dutsen mantul yana bin zafi sosai. Da ƙimar dogaron danƙo a kan zafi da gwaje-gwajen Hirth da Kohlstedt suka ba da ga ma'adinin olibin, wato kilojul 375 a kowane mol, ƙarin digiri kusan 130 a zafin mantul na sama ya isa ya rage danƙo ninki goma. Sakamakon haka, tsakanin sanyayyen murfin sama da zazzafan cikin akwai tazarar da kwamfuta ba za ta iya ɗauka ba, don haka ana yanke danƙon sama da ƙasa, misali tsakanin 10¹⁸ da 10²⁴, kuma dole a faɗi wannan yanka a cikin rahoto. Wajen kwaso danƙo daga ɗigogi zuwa raga, matsakaici na yau da kullum yana fifita mai tauri, don haka a gwada ɗaukar matsakaicin logaridim a kwatanta. Idan kuma aka shigar da nau'in jan jiki da ya dogara da ƙarfin da ake matsa wa dutse, danƙo ya dogara da gudu, gudu ya dogara da danƙo, sai a riƙa maimaita warware Stokes a cikin taki ɗaya har amsar ta daina motsi.

Shigar da narkewa

Yanzu ne aka iso ga narkakken dutsen. Dutsen mantul na sama, wanda ake kira feridotait, yana fara narkewa a kusan digiri 1,100 a matsin saman ƙasa idan babu ruwa a cikinsa, kuma wannan iyaka tana hawa da kusan digiri 4 a kowace kilomita ta zurfi. Dutsen da ke tasowa kuwa bai kai rabin digiri yake hucewa a kilomita ba. Don haka idan ya ci gaba da tasowa, dole ya ƙetare iyakar narkewa ba tare da an ƙara masa zafi ba, kuma a ƙarƙashin tsaunukan tsakiyar teku hakan yana faruwa ne a zurfin kilomita 60 ko kusa da haka. Ruwa yana sauko da iyakar sosai, shi ya sa ake samun aman wuta a inda faifan teku, wato daskararren murfin ƙarƙashin teku, ke nutsewa cikin mantul. Katz da Spiegelman da Langmuir sun fitar da tsari a 2003 da ke ba da kason narkewa daga zafi da matsi da yawan ruwa, kuma yana da sauƙin rubutawa. Kada a manta cewa narkewa tana shan zafi, kimanin kilojul 400 a kowane kilogiram, wanda idan ba a cire shi daga ƙa'idar zafi ba za a samu narkakken dutse fiye da kima.

Mataki mafi sauƙi shi ne a lissafa abin da ya narke a kowane taki, a ɗauka ya fice zuwa sama nan take, a tara shi a matsayin ɓawo. Gwajinsa a fili yake, domin ɓawon ƙarƙashin teku kaurinsa kilomita 6 zuwa 7 ne a mafi yawan wurare, kuma akwatin da aka sa samansa yana rabuwa zuwa hagu da dama da zafin mantul na kusan digiri 1,300 zuwa 1,350 ya kamata ya ba da abin da bai yi nisa da haka ba.

Mataki na gaba shi ne a bi narkakken a cikin tafiyarsa, kuma a nan ƙa'idojin da Dan McKenzie ya tsara a 1984 su ne tushe. Narkakken yana bin ƙananan kafofi a gefen ƙwayoyin ma'adinai bisa ƙa'idar Darcy, wadda aka samo a 1856 daga gwajin ruwa a cikin yashi, kuma abin da ke tura shi sama shi ne ya fi dutsen rashin nauyi da kusan kilogiram 500 a kubik mita. Bambancin da ke tsakaninsa da ruwan rijiya shi ne dutsen da ya bari a baya yana matsewa ya rufe kafofin, kamar yadda tunkuza ke ƙara dunƙulewa yayin da mai ƙuli-ƙuli take matse mai daga cikinta. Saboda haka ƙa'ida ta ɗaya ta canza, domin daskararren yana iya takurewa ko ya buɗe, kuma sabuwar ƙima ta shigo, wato kason kafofi, wanda galibi bai wuce ɗaya ko biyu cikin ɗari ba. Sauƙin ratsawa, wato yadda dutsen ke barin narkakken ya wuce ta cikinsa, yana bin wannan kaso ninki biyu zuwa uku a kansa, don haka ƙaramin canji a kafofi babban canji ne a gudu.

Daga waɗannan ƙa'idoji wani tsawo yana fitowa da ake kira tsawon matsewa, wanda ake samu daga saiwar sauƙin ratsawa a ninka da danƙon dutse a raba da danƙon narkakken. Yana iya kamawa daga ɗaruruwan mita zuwa 'yan kilomita, kuma wajibi ne gidaje da dama na raga su shiga cikinsa, in ba haka ba amsar za ta fito tana karkarwa. Wannan ne ya sa ba a kwaikwayon mantul gaba ɗaya tare da narkewa a raga ɗaya mai gidaje iri ɗaya. Takin lokaci ma zai ragu, domin idan narkakken yana tafiyar mita ɗaya a shekara a gida mai kilomita ɗaya, iyakar takin shekara 1,000 ce. Akwai kuma matsalar inda babu narkewa ko kaɗan, domin ƙa'idojin suna rushewa idan kason kafofi ya zama sifili, sai a bar ɗan mitsitsin kaso ko'ina, ko kuma a warware Stokes zalla a irin waɗannan gidaje. Gwajin wannan mataki shi ne kumburin narkakke tilo mai hawa ba tare da ya sauya siffa ba. A layi ɗaya na tsaye, idan sauƙin ratsawa yana bin kason kafofi ninki uku a kansa kuma turjiyar matsewa ba ta canzawa, saurin kumburin ya zama tsayinsa sau biyu a ƙara ɗaya, a ma'aunin kafofi da gudun da ke kewaye da shi. Manhajar da ta sa kumburin ya baje ko ya yi jinkiri ba ta shirya ba.

Manyan manhajoji da aikin da za a iya yi a nan

Idan aka koma ga fili mai tsawo da faɗi da zurfi, gida 100 ta kowace fuska yana ba da ƙimomi miliyan 4, kuma warwarewa kai tsaye za ta cinye ma'ajiyar kwamfuta. A nan ake komawa ga hanyoyin maimaitawa da na raga mai hawa-hawa, kuma babu buƙatar ɗalibi ya rubuta su da kansa. ASPECT manhaja ce kyauta da ke aiki da hanyar ƙananan yanka, tana ƙara yawan gidaje da kanta a inda ake buƙata, kuma tun 2016 tana ɗauke da tafiyar narkakke. Akwai kuma CitcomS da Underworld, ga ParaView don duba sakamako. A kan Linux suka fi zama lafiya. Wanda ya riga ya rubuta ƙaramar manhajarsa zai gane ma'anar kowane zaɓi a cikin fayil ɗin saiti, abin da wanda ya fara da su kai tsaye ba zai samu ba. Ko da wace aka yi aiki, a sa ta riƙa adana halin da take ciki a kan faifai bayan kowane taki ɗari ko makamancin haka, yadda idan wuta ta ɗauke kuma batir ya ƙare za a ci gaba daga inda aka tsaya.

Wajen zaɓen abin bincike, Dutsen Kufena da ke yammacin birnin Zariya giranit ne na zamanin haɗuwar duwatsun Afirka kimanin shekara miliyan 600 da suka wuce, kuma tarihinsa ya fi alaƙa da ɓawon ƙasa, don haka ba shi ne misalin da ya dace da wannan lissafi ba. Waɗanda suka dace su ne baƙaƙen duwatsun aman wuta na tudun Biu da na tudun Jos, waɗanda daga mantul suka fito, da kuma jerin tsaunukan Kamaru, inda Dutsen Kamaru ya yi amai a 1999 da 2000. Shekarun tsaunukan wannan jeri ba sa ƙaruwa a jere daga wannan ƙarshe zuwa wancan kamar na Hawayi, kuma ɗaya daga cikin bayanan da aka gabatar shi ne ƙaramar juyawa da ke tasowa a gefen tsohon faifan nahiya mai kauri. Ana iya gwada wannan a akwati mai faɗin kilomita 2,000 da zurfin 660, a sa murfi mai kaurin kilomita 200 a gefe ɗaya da 100 a ɗayan, a sauya danƙo da zafin ciki ɗaya bayan ɗaya, a rubuta a wane zurfi da kuma wace tazara daga gefen narkewa take farawa a kowane gwaji.